Wutar Lantarki Daga Zafin Cikin Ƙasa: Yadda Kenya da Aislan Suka Yi, da Abin da Ke Ƙarƙashin Zariya

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya da asubahin hunturu a Samaru ya san wani abu. Ruwan da ya kwana a bokiti ba ya taɓuwa saboda sanyi, amma wanda aka jawo daga rijiya yanzu-yanzu ɗumi ne da shi. Idan bazara ta zo kuma, wannan ruwan rijiyar shi ne mai sanyi. Ruwan bai canja ba. Iskar waje ce ke hawa da sauka, ƙarƙashin ƙasa kuwa yana nan kusan yadda yake duk shekara.

Wannan ɗumin na rijiya yawancinsa zafin rana ne da ƙasa ta adana. Amma da za a ci gaba da haƙa har kilomita ɗaya, biyu, uku, za a tarar da wani zafin daban mai fitowa daga cikin duniya kanta. Shi ne masana ke kira jiyotamal, wato zafin ƙarƙashin ƙasa. Akwai ƙasashen da suke samun wutar lantarki da shi dare da rana, a daidai lokacin da masu shagunan cajin waya a Kasuwar Sabon Gari ke lissafin litar fetur nawa janareta zai sha kafin la'asar.

Wannan darasi zai bayyana daga ina zafin yake, yadda ake mayar da shi wuta, yadda ƙasashe ke cin moriyarsa, da kuma gaskiyar abin da za a iya yi da shi a Zariya da arewacin Najeriya.

Daga ina zafin yake fitowa?

Tsakiyar duniya tana da zafin da ya haura digiri 5,000 a ma'aunin Salshiyos. Tushensa biyu ne. Na farko, ragowar zafin da duniya ta taso da shi tun farkon samuwarta. Na biyu, sinadarai irin su yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, waɗanda ke warwatse cikin duwatsu, suna rugujewa sannu a hankali suna sakin zafi.

A mafi yawan wurare, duk kilomita ɗaya da aka nutsa cikin ƙasa zafi yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. Ke nan babu garin da ba ya zaune a kan zafi. Bambancin da ke tsakanin ƙasa da ƙasa shi ne zurfin da za a haƙa kafin a kai gare shi, kuma zurfi kuɗi ne.

Ɓawon duniya ba dunƙule yake wuri guda ba. Ya rarrabu manyan ɓangarori masu motsi a hankali, kamar fasasshen kasko da aka harhaɗa. A bakin inda ɓangarorin ke haɗuwa ko rabuwa, narkakken dutse yana tasowa kusa da doron ƙasa. A nan ake samun duwatsu masu aman wuta da maɓuɓɓugan ruwan zafi, kuma a nan ne zafin ya fi araha.

Yadda tururi ke zama wuta

Wanda ya ga ana turara dambu a madambaci ya ga rabin aikin. Wuta a ƙasa, ruwa a tukunya, tururi yana neman hanyar fita sama. A tashar jiyotamal dutse mai zafi ne murhun. Ruwan sama da ya tsiyaya ta tsagogin duwatsu shekara da shekaru shi ne ruwan tukunyar. Wani dutse marar ƙofofi da ke samansa shi ne murfin.

Injiniyoyi suna haƙa rijiya mai zurfin kilomita biyu zuwa uku su huda murfin. Tururi ya taso da ƙarfi ta cikin bututu, ya bugi wata babbar farfela, farfelar ta juya janareta, wuta ta fito. Aikin janaretan da ke bayan shago ne, sai dai a nan tururi ke juya injin a madadin fetur. Bayan tururin ya huce ya koma ruwa, sai a mayar da shi ƙasa ta wata rijiyar, ya sake ɗaukar zafi.

Tashoshin iri uku ne. Akwai wadda tururi zalla ke fitowa daga rijiyarta, a tura shi kai tsaye ga farfela. Akwai wadda ruwa ne mai tsananin zafi ke fitowa, wanda nauyin ƙasa ya hana shi tafasa, da zarar ya iso sama matsi ya ragu sai wani ɓangarensa ya rikiɗe tururi nan take. Ta uku kuma ana amfani da ita ne inda ruwan bai kai haka zafi ba: a bi da shi ta jikin bututun wani sinadari mai saurin tafasa, sinadarin ya zama tururi ya juya farfelar, ba tare da ruwan da sinadarin sun gauraya ba. A Chena da ke jihar Alaska ta Amurka, tun 2006 ake samar da wuta ta wannan hanyar da ruwa mai zafin digiri 74 kacal. Amma sanyin yankin ne ya taimaka musu, domin injin yana aiki ne da tazarar da ke tsakanin zafi da sanyi.

Abin da ya bambanta ta da sola

Mai sola a gida ya san matsalar: rana ta faɗi, sai batir. Hadari ya haɗu a watan Agusta ko ƙurar hunturu ta rufe sama, caji ya ragu. Zafin cikin ƙasa bai san dare ba, bai san damina ba. Tashar da ake kula da ita yadda ya kamata tana iya yin aiki kusan duk sa'o'in shekara, in ban da lokacin gyara.

Ga lissafin da mai waya zai fi ganewa. Batir mai 5,000mAh yana ɗaukar wutar da ta kai kimanin wat 19 na sa'a guda. Megawat ɗaya wat miliyan ɗaya ne. Ke nan a lissafin takarda, megawat ɗaya zai cika wayoyi wajen 50,000 cikin sa'a ɗaya. Jimillar ƙarfin tashoshin jiyotamal na duniya ya kai kimanin megawat 16,000. Wutar da ake rabawa a layin ƙasa na Najeriya kuwa yawanci tana tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000. Duk da haka, jiyotamal bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wutar duniya ba, saboda ƙasashen da zafin ke kusa da su ba su da yawa.

Italiya: inda aka fara

A 1904, a garin Larderello na ƙasar Italiya, wani mai suna Piero Ginori Conti ya haɗa ƙaramin inji da tururin da ke fitowa daga ƙasa, ya kunna 'yan ƙwayayen fitila. A 1913 aka buɗe tashar kasuwanci ta farko a wurin. Fiye da shekara ɗari ke nan, kuma har yau yankin yana samar da wuta. Niyu Zilan ta biyo baya da tashar Wairakei a 1958, sai Amurka da The Geysers a jihar Kalifoniya a 1960, wanda shi ne rukunin tashoshin jiyotamal mafi girma a duniya. A yau Amurka ce ke kan gaba, Indonesiya na biye da ita, sai Filifin da Turkiyya.

Aislan: zafin ya fi wutar amfani

Aislan tsibiri ne mai tsananin sanyi a arewacin Turai, yana zaune daidai inda ɓangarori biyu na ɓawon duniya ke rabuwa. A 1930 aka fara jawo ruwan zafi ta bututu don ɗumama wata makaranta a Reykjavik, babban birnin ƙasar. Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a 1973, gwamnati ta mayar da hankali kan abin da ke ƙarƙashin ƙafarta. Yau kusan gidaje tara cikin goma na ƙasar da ruwan zafin ƙasa ake ɗumama su. Da shi ake narkar da ƙanƙarar wasu tituna, da shi ake noman tumatir a rumfunan gilashi a tsakiyar sanyi. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wutar lantarkinsu ma daga nan yake.

Darasin Aislan shi ne ba dole sai an mayar da zafi wuta kafin ya yi amfani ba. Ruwa mai digiri 60 ko 80 ba zai tayar da babbar tasha ba, amma zai ɗumama gida, ya busar da amfanin gona. A kewayen birnin Paris na Faransa, inda babu dutse mai aman wuta ko ɗaya, ana jawo ruwa mai ɗumi daga zurfin kusan kilomita biyu ana ɗumama dubban gidaje. A jihar Nevada ta Amurka an daɗe ana busar da albasa da irin wannan zafin, a arewacin Girka kuma ana yin kauɗar tumatir da shi.

Kenya: misalin da ya fi kusa

Gabashin Afirka yana tsagewa a hankali, kuma tsagar ta ratsa ta Habasha da Kenya. A bakinta, kusa da tafkin Naivasha, akwai wani wuri da ake kira Olkaria. An fara haƙar gwaji a wurin tun shekarun 1950, ba a dace ba. Aka koma a shekarun 1970. Sai a 1981 injin farko mai megawat 15 ya fara aiki, kuma ita ce tashar jiyotamal ta farko irinta a Afirka.

Daga wannan ƙaramin mafari, ƙarfin jiyotamal na Kenya ya kusa megawat 1,000 a yau, wato ya zarce na madatsar Shiroro mai megawat 600. Sama da kashi 40 cikin ɗari na wutar da Kenya ke samarwa daga nan take fitowa. Da can ƙasar ta dogara ne da madatsun ruwa, duk shekarar da aka yi fari sai wuta ta yi ƙaranci. Tururin Olkaria ya rage mata wannan fargabar. Wasu masu noman furanni a Naivasha ma suna ɗumama rumfunansu da shi.

Aikin bai tafi ba tare da ƙorafi ba. An tayar da wasu iyalan Masai daga matsuguninsu don faɗaɗa tashar, kuma batun diyya da filin kiwo ya jawo taƙaddama. Haka nan, daga haƙar farko zuwa kunna injin farko an ɗauki fiye da shekara ashirin. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Me ya haɗa wannan da waya?

Duk hoton da aka ɗora a Instagram, duk bidiyon da aka kalla a YouTube, duk tambayar da aka yi wa manhajar ƙirƙirarriyar basira, wata kwamfuta ce a wata cibiyar adana bayanai take aikin. Waɗannan cibiyoyi ba sa barci, kuma suna shan wuta kamar ƙananan garuruwa. Shi ya sa kamfanonin fasaha ke neman wutar da ba ta yankewa kuma ba ta hayaƙi.

A ƙarshen 2023 Google ya sanar da cewa wata tashar gwaji mai megawat 3.5 da kamfanin Fervo ya gina a Nevada ta fara zuba wuta a layin da ke ciyar da cibiyoyinsa. A watan Mayun 2024 kuma Microsoft da kamfanin G42 na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka sanar da shirin zuba jarin dala biliyan ɗaya a Kenya, wanda ya haɗa da cibiyar adana bayanai a Olkaria. Abin da ya ja hankalinsu a fili yake: inda wuta ta tsaya da ƙafarta, nan kwamfutoci ke son zama, ayyukan yi kuma su biyo baya.

To, me ke ƙarƙashin Zariya?

Najeriya ba ta da tashar wutar jiyotamal ko ɗaya. Dalilin farko na ƙasa ne. Zariya tana zaune a kan tsohon dutse mai tauri wanda ya daɗe da hucewa. Dutsen Kufena da ake hangowa daga gari ɗan leƙowar wannan dutsen ne. Babu tsagar ɓawon duniya mai rai a nan kamar ta Kenya.

A yi lissafi. A ɗauka zafin ƙasa kusa da sama digiri 26 ne, kuma yana ƙaruwa da 25 a kowace kilomita. Kafin a kai digiri 150, inda samar da wuta ke fara yin ma'ana, sai an haƙa wajen kilomita biyar. Rijiyoyin burtsatse da ake haƙawa a gidajen Samaru da Sabon Gari yawanci ba sa wuce mita gomomi. A Olkaria kuwa ana samun fiye da digiri 200 a rabin wancan zurfin. Rijiya ɗaya mai irin wannan zurfi tana cin miliyoyin daloli, kuma tana iya fitowa babu komai.

Amma wannan ba ya nufin babu alama. A ƙaramar hukumar Lere ta jihar Kaduna akwai maɓuɓɓugar Rafin Rewa, wadda ruwanta ke fitowa da zafin kimanin digiri 42. Masu bincike daga Sashen Nazarin Duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Farfesa Krzysztof Schoeneich, ɗan ƙasar Polan da ya daɗe yana koyarwa a Samaru, sun wallafa bayani a kanta a 2012. Abin lura shi ne daga irin tsohon dutsen nan take fitowa, alamar cewa ruwan yana nutsawa da nisa ta wata tsaga, ya ɗauko zafi ya dawo.

Akwai wasu. Wikki da ke dajin Yankari a jihar Bauchi tana nan a kan digiri 31 rani da damina. Ruwan Zafi a Lamurde ta jihar Adamawa da Akiri a jihar Nasarawa sun haura digiri 50. Ikogosi a jihar Ekiti ta yi suna saboda haɗuwar ruwan ɗumi da na sanyi. A Nijar akwai Tafadek a arewacin Agadas, inda mutane ke zuwa wanka don neman lafiya. Masana sun fi sa rai a kwarin Binuwai, yankin Tafkin Chadi da yankin Sakkwato, inda ƙasa mai kauri ta lulluɓe dutse kamar bargo tana riƙe zafi. Rijiyoyin neman mai, irin na yankin Barno da na Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, suna da amfani a nan, domin masu haƙa suna auna zafin ramin yayin aiki.

Ruwa mai digiri 42 ko 50 ba zai kunna fitilun Sabon Gari ba. Abin da zai iya yi shi ne irin na Girka da Aislan. Duk mai bin hanyar Zariya zuwa Kano da rani ya ga tumatir da tattasai shanye a ƙasa, ƙura na hawa, dabbobi na ratsawa. Busar da amfanin gona a rufaffen ɗaki, kiwon kifi, ƙyanƙyasar ƙwai da wuraren wanka na masu yawon buɗe ido duk ayyuka ne da matsakaicin zafi ke isar su. Sharaɗin shi ne aikin ya je inda ruwan yake, domin ruwan zafi yana hucewa idan tafiya ta yi nisa.

Fasahar da za ta iya canja lissafin

Tashar Fervo da aka ambata ba ta dogara da tafkin ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa ba. Dabarar masu haƙar mai aka aro: a haƙa ƙasa a miƙe, sannan a karkata ramin ya tafi a kwance cikin busasshen dutse mai zafi, a tsattsaga dutsen da ƙarfin ruwa, a zuba ruwan sanyi ta rijiya ɗaya ya fito da zafi ta ɗayar. Idan kuɗin irin wannan haƙar ya ci gaba da sauka, wuraren da ba su da dutse mai aman wuta ma za su shiga sahu. A nan ne garuruwa irin Zariya za su iya samun rabo wata rana.

Hanyar tana da haɗarinta. A Basel ta ƙasar Suwizalan an dakatar da irin wannan aiki bayan girgizar ƙasa a 2006. A Pohang ta Koriya ta Kudu, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 5.4 ta lalata gidaje a 2017, kuma kwamitin binciken gwamnati ya danganta ta da ruwan da aka tura cikin rijiyar gwaji. Ko tashoshin da aka saba da su suna fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda dole a tace ta. Idan kuma aka riƙa jan tururi fiye da ruwan da ake mayarwa, rijiya tana raunana. Hakan ya faru a The Geysers, har sai da aka riƙa jawo tataccen ruwan kwata daga garuruwan kusa ana ɗurawa cikin ƙasa.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe

Na farko, babu wata na'ura da za a saya a kasuwa ko a intanet, a binne a tsakar gida, ta riƙa ba da wuta daga zafin ƙasa. Duk bidiyon da ya nuna an soka ƙarfe a ƙasa an caja waya da sunan jiyotamal, yaudara ce. Ga gida ko shago a Zariya a yau, sola da batir su ne mafita mafi kusa.

Na biyu, idan aka ji labarin an gano ruwan zafi a wani gari, tambayoyi uku ne ke tantance darajarsa: digiri nawa ne, a wane zurfi, kuma lita nawa ke fitowa a daƙiƙa. Labarin da babu waɗannan lambobin bai faɗi komai ba tukuna.

Na uku, aikin ba na masu haƙa kaɗai ba ne. Kafin a kashe miliyoyin daloli a rami ɗaya, sai an haɗa taswira, an tace bayanan tsofaffin rijiyoyi, an gwada yadda ruwa zai bi ta cikin dutse a kwamfuta. Wannan aikin masu nazarin duwatsu ne da masu rubuta manhaja. QGIS, manhajar taswira ce kyauta, haka ma yaren Python, kuma hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, masu nuna zafin doron ƙasa, kowa na iya sauke su ba tare da biyan ko kwabo ba. Matashin da ke da ƙaramar kwamfuta a Samaru zai iya farawa da buɗe taswirar Lere, ya nemo Rafin Rewa, ya ga yadda tsagogin duwatsun yankin suka jeru.